Wane otal za mu sauka don yara su ga murjani a Bahar Maliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun shirya kai yara Masar a hutun Disamba, su ga kifaye da murjani a Bahar Maliya, irin kallon da ake kwantawa a saman ruwa da gilashin ido da bututun numfashi. Yaran uku ne, mai shekara 12, mai 9, da auta mai 5. Manyan biyu sun iya iyo a tafkin wanka, autar ba ta iya ba, ni ma haka, babansu ne kaɗai gwani. Mun duba otal-otal a Sharm el-Sheikh da Hurghada da Marsa Alam, kowanne ya ce akwai murjani a bakinsa. Kwana bakwai za mu yi. Ta yaya za mu zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin kyauta da kika faɗi wanda ya iya ruwa da wanda bai iya ba, domin a kan wannan zaɓin zai tsaya. Maigida da babban yaro duk inda aka kai su za su ga abin da suka je gani. Ke da auta ne za ku iya yin kwana bakwai a bakin tekun da ya fi ko'ina kyau ba ku ga kifi ko ɗaya ba, alhali otal ɗin bai yi muku ƙarya ba. Saboda haka kafin ki duba yawan taurarin otal ko girman ɗakin cin abinci, tambaya ɗaya za ki fara yi: ta ina ake shiga ruwa, kuma me ke ƙarƙashin ƙafar mutum idan ya shiga?

Bari in yi miki bayanin yadda gaɓar take, don shi ne zai sa ki iya karanta kowace talla da kanki. A mafi yawan gaɓar Masar murjani, wato halittar nan ta ruwa mai taruwa ta yi tauri kamar dutse, ya bi bakin teku ne ya yi masa gefe. Idan kin baro yashi, abin da za ki fara tarar da shi shimfiɗaɗɗen dandamali ne na murjani, ruwan kansa iya gwiwa ko ƙasa da haka, a wani wurin faɗinsa 'yan mitoci, a wani wurin ɗaruruwan mita. A ƙarshen dandamalin sai ƙasa ta yanke lokaci ɗaya kamar bakin rijiya, daga iya gwiwa sai zurfin mita goma ko ashirin ko fiye. Kifaye masu launi da murjani mai rai a wannan bakin suke taruwa. Ba a taka dandamalin, doka ta hana, kuma ko ba doka yana da kaifi kuma akwai masu dafi a cikin ramukansa. Shi ya sa otal-otal suke gina doguwar gada ta katako ko ta roba mai yawo a kan ruwa, ta tsallake dandamalin ta kai mutum bakin zurfin. A ƙarshen gadar akwai tsani, kana sauka ka faɗa ruwan da ba a taka ƙasa.

To ki ɗauki kanki a kan wannan tsanin, riƙe da yarinya 'yar shekara biyar, igiyar ruwa tana dukan ƙarfen, mutane a bayanki suna jira. Ko da rigar hana nutsewa a jikinku, mafi yawan waɗanda ba su iya iyo ba a nan suke juyawa. Sannan duk ranar da iska ta tashi, mai gadin ruwa zai ɗaga jar tuta ya rufe gadar, kuma a wurin da gada ce kaɗai hanya, ranar ta tafi ke nan.

Akwai nau'i na biyu, shi ne abin da nake so ki nema. A wuraren da kwarin hamada yake gangarowa teku, ambaliyar da ake yi jefi-jefi tana kawo ruwan daɗi da laka, murjani kuwa ba ya son su, sai ya bar giɓi. Giɓin ya zama lungun teku mai yashi a tsakiya, murjani ta hannun dama da ta hagu. A irin wannan wurin mutum yana shiga da ƙafarsa a hankali, idon sawu, gwiwa, ƙugu, yana iya tsayawa ya gyara gilashi, ya tofar da ruwan da ya shiga baki, ya huta, sannan ya matsa gefe inda murjanin ya fara. Yaro a nan yake koyo. Kuma da yake lungu ne, igiyar ruwa tana karyewa a waje kafin ta iso.

Na uku shi ne yashi zalla ko tafkunan da aka haƙa, wurin wanka mai daɗi amma babu murjani sai an hau jirgin ruwa. Irin waɗannan otal-otal su ma suna saka hoton kifi a tallarsu.

Za ki iya bambanta ukun daga ɗakinki. Ki buɗe Google Maps, ki juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ki matso da bakin otal ɗin. Inda kika ga launin ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya manne da gaɓa, dandamalin murjani ne. Inda ya yi shuɗi mai haske, yashi ne a ruwa marar zurfi. Inda ya yi shuɗi mai duhu, zurfi ne. Siririn layin da ya miƙe cikin teku gada ce, kuma manhajar tana da ma'aunin tazara, ki auna tsawonta. Idan launin ƙasa ya rufe gaban otal ɗin kaf babu giɓi, sai gada ɗaya mai mita 300 ko 500, wannan ba naku ba ne, komai arharsa. Daga nan ki duba ta ina lungun ya buɗe baki. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take kaɗawa kusan duk shekara, don haka gaɓar da take da tudu ko hancin ƙasa ta arewa da ita tana samun kariya, wadda ta buɗe wa arewa kuwa ita ke shan duka. Ga kuma wata alama mai sauƙi: duk wurin da aka yi suna da wasan nan na hawa allo ana jan mutum da lema a kan ruwa, iska ce ta kawo masu wasan. Abin da ya faranta musu shi zai rufe muku gada.

Maganar Disamba tana da nauyi, kada ki raina ta. Mutanenmu suna jin Masar sai su yi zaton zafi. A Disamba ruwan yana wajen digiri 23 zuwa 24, yana ci gaba da sauka har wajen 21 ko 22 a Fabrairu. Babba zai jure, amma ƙaramar yarinya marar jiki bayan minti goma sha biyar za ki ga leɓenta yana rawa, kuma fitowa ta fi shiga wuya saboda iska a kan jiƙaƙƙen jiki. Rana ma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar na yamma. Idan Disambar ta tabbata, ku tanadi rigar roba ta shiga ruwan sanyi ga yaran duka da ke kanki, ana hayarta a shagunan masu nutso na otal amma ta ƙananan yara tana wuyar samu, gara a saya. Ki kuma tambaya ko ana ɗumama tafkin wankan otal ɗin, domin wanda ba a ɗumamawa ya fi teku sanyi a wannan lokacin. Da kuna da halin ɗaga tafiyar zuwa dogon hutu, ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ruwan yana kaiwa 28 zuwa 29, yaro ya yi awa guda a ciki bai ji komai ba. Zafin waje yana taɓa 40, amma wanda ya san Afrilu a Kano ko Sakkwato ba wannan ne zai kore shi ba. Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci, sai dai yara suna makaranta.

Yanzu wuraren da kika ambata.

Sharm el-Sheikh ba wuri ɗaya ba ne, unguwanni ne a jere a bakin teku, kuma bambancinsu ya fi bambancin otal da otal. Nabq, can arewa da filin jirgi, ita ce cike da manyan otal-otal na iyali masu wuraren zamiyar ruwa, kuma farashinsu yakan fi sauƙi, shi ya sa masu sayar da tikiti suke yawan tura mutane can. Amma tana fuskantar mashigar Tiran inda iskar da ta gangaro daga mashigin Aƙaba take fitowa, dandamalinta faɗi ne da shi sosai, gadojinta dogaye. A Disamba ba zan kai ku Nabq ba. Naama Bay tsakiyar gari ce, yashi ne mai laushi da ruwa kwance, auta za ta ji daɗinta, murjanin kuwa sai a gefuna biyu na lungun, don haka otal ɗin da ke ƙarshen lungun ya fi na tsakiya amfani gare ku. Laifinta hayaniyar dare da yawan jiragen ruwa masu gudu. Sharks Bay da kewayenta suna da murjani mai kyau kusa da gaɓa da gajerun gadoji, kada sunan, da yake nufin lungun kifin shak, ya tsorata ki. Ras Um Sid, a unguwar Hadaba ta kudu, tana cikin wuraren da murjaninsu ya fi kyau a duk garin kuma iska ba ta cika damunta ba, sai dai otal-otal ɗin a kan tudun dutse suke, ana sauka bakin ruwa da matakala mai yawa, wasu sun sa lif, wasu babu. Idan akwai mai ciwon gwiwa a cikinku, wannan abin tambaya ne. Kusa da ita akwai Sharm el-Maya, lungu mai yashi marar zurfi a gindin tsohuwar kasuwa da Masallacin Sahaba, ruwa lafiya lau amma murjani kaɗan.

Abin da Sharm ta fi sauran da shi, gari ne sosai: asibitoci, kantunan magani, masallatan Juma'a, tasi ko da yaushe, da jirage da yawa kullum daga Alƙahira, tafiyar kusan awa ɗaya. Ga kuma Ras Mohammed a kudancinta, wanda aka keɓe a matsayin gandun ƙasa don kare halittunsa tun 1983, na farko a Masar. Ana zuwa ta jirgin ruwa, ana kuma zuwa ta mota. Ku je ta mota, don ta ƙasa ana shiga ruwa daga yashi, ta jirgi kuwa tsalle ake yi cikin zurfi.

Hurghada cikin gari ba zan ba ki shawararta don murjani ba. Gine-gine da cike bakin teku da aka yi lokacin da garin yake bunƙasa sun cinye mafi yawan na kusa da gaɓa, masu sauka a can jirgin ruwa suke hawa zuwa tsibirin Giftun. El Gouna ta arewa gari ne mai tsabta da tsari, amma tafkunan haƙa ne da iska. Abin nema yana kudu: Sahl Hasheesh, sai Makadi Bay wajen kilomita 30 daga gari, sai Soma Bay gaba da ita. A cikinsu Makadi ta fi dacewa da ku, domin lungu ne mai kariya, kuma a gaban wasu otal-otal ɗinta akwai yashi da curin murjani nan da can a ruwa marar zurfi, wanda yaro zai iya zagayawa. Amma a Makadi ki lura da abu ɗaya: akwai otal-otal na sahu na biyu, waɗanda ba a bakin ruwa suke ba, sai an ɗauke ku a ƙaramar mota zuwa wani yanki na gaɓa da aka ware musu. Sunansu iri ɗaya da na bakin ruwan, sau da yawa kamfani ɗaya ne, farashi ne kawai ya bambanta. Da yara uku da kayan ruwa da mantuwar tawul, wannan motar za ta ishe ki tun rana ta biyu. Soma Bay murjaninta kyakkyawa ne, amma ta doguwar gada ake zuwa masa kuma gidan iska ce.

Marsa Alam a nan mutane suka fi ruɗewa. Sunan ƙaramin gari ne, amma a talla ana kiran duk gaɓar da ta taso daga wajen El Quseir har can kudu da shi, tazarar da ta wuce kilomita 150, otal ɗaya nan, hamada, wani otal can. Murjaninta ya fi na Hurghada lafiya nesa ba kusa ba saboda mutane ba su yi yawa ba, ruwanta ma ya ɗan fi ɗumi a hunturu. Sai dai yawancin otal-otal ɗin a buɗaɗɗiyar gaɓa suke, gada ce kaɗai hanya, kuma jar tuta ba baƙuwa ba ce a can. Wanda ya zaɓi Marsa Alam ba tare da ya zaɓi lungu ba ya yi caca da hutunsa.

Lungun da ya fi dacewa da siffar da na yi miki shi ne Abu Dabbab, wajen kilomita 30 kudu da filin jirgin Marsa Alam. Yashi ne mai gangara a hankali, murjani ta arewa da ta kudu, tsakiya kuma ciyawar teku ce wadda manyan kunkurun teku suke kiwo a kai, wani lokaci a ruwan da bai fi mita biyu ko uku ba. Ganin kunkuru a can abu ne na kusan kullum. Akwai kuma wata dabba da ake kira dugon, 'yar'uwar ayun da ke kogin Neja da Binuwai, ita ma ciyawar take zuwa ci, amma kada ki yi wa yara alkawarinta, sai mai rabo. Da hantsi motoci suna kawo baƙi daga wasu otal-otal wurin ya cika, saboda haka ribar mai kwana a bakin lungun ita ce safiya, kafin su iso, lokacin ma iska ba ta tashi ba. Abin da za ki biya a madadin wannan kyau shi ne nisa. Babu gari kusa, babu kasuwar da za a taka da ƙafa, babban asibiti sai an yi tafiya mai tsawo, jiragen Alƙahira zuwa Marsa Alam ba su kai na Sharm da Hurghada yawa ba, idan kuwa ta Hurghada kuka sauka akwai tafiyar mota ta wajen awa uku. Idan a cikin yaran akwai mai asma ko sikila, wannan nisan kaɗai ya isa in ce ku haƙura da ita. Mai sikila ma sai likitansa ya yarda da shiga ruwan sanyi tun farko, domin sanyi yana tayar da ciwon.

Dahab za a ambata miki ita saboda arha da natsuwarta. Gari ne mai daɗi, amma iska ce da shi, shigar ruwansa duwatsu ne, kuma shahararren ramin nan nata, Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100. Ku bar ta sai yara sun girma.

Da ni ne mai yanke hukunci: idan kowa lafiyarsa ƙalau kuma ruwan ne ya kai ku, Abu Dabbab. Idan kuna son gari kusa da ku, ko Disambar ta zo da sanyi kuna son abin yi in an fasa shiga ruwa, to kudancin Sharm, otal ɗin da yake da ɗan yashin shiga tare da gajeriyar gada, ko ƙarshen Naama Bay. Makadi ta zo ta uku. Kada ku raba kwana bakwai gida biyu, haɗa kaya da tafiya za su cinye muku kwana ɗaya da rabi.

Idan kin tace ya rage otal biyu ko uku, ki rubuta musu, kada ki tsaya ga abin da ɗan kamasho ya faɗa miki a waya. Ki tambaye su ko ana shiga teku daga yashi ba tare da gada ba, kuma daga nan mita nawa ne zuwa murjani na farko. Ki tambayi tsawon gadar, ko akwai mai ceto a ƙarshenta duk yini, ko suna da ƙa'idar shekaru ga yara a kanta, da ko suna da rigar hana nutsewa daidai 'yar shekara biyar. Ki ce su gaya miki yadda rufe gadar ya kasance a Disambar bara. Otal ɗin da ya san ruwansa zai amsa dalla-dalla, wanda ya dawo miki da "muna da kyakkyawan bakin teku" ya amsa ta wata hanyar. Sannan ki karanta ra'ayoyin waɗanda suka sauka a can a Disamba da Janairu kaɗai, na watan Yuli ba zai gaya miki komai game da iskar hunturu ba.

A cikin wasiƙar ki sa maganar sutura. Masar ƙasar Musulmi ce, amma an sha samun wuraren shaƙatawa da suke hana mata shiga tafkin wanka da rigar iyo mai rufe jiki duka. A teku ba a cika samun matsala ba, a tafkin otal ne ake yi. Ki nemi amsa a rubuce ki ajiye a wayarki. Rigar kuma ta zama ta yadin iyo na ainihi mai kama jiki kaɗan, ba doguwar riga ko hijabi mai faɗi ba, don yadi mai yawa yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Ki sani kuma yawancin baƙin waɗannan otal-otal Turawa ne, akwai giya, akwai kiɗa da dare, shigarsu ta bakin ruwa kuma kin san ta. Ki roƙi ɗaki nesa da dandalin wasan dare da mashaya, kusa da teku. Iyali mai mutum biyar ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsu a yawancin wurare, ki nemi ɗakin iyali ko biyu masu ƙofa a tsakani, a rubuta a takardar kama ɗakin. A wurin da babu gari kamar Marsa Alam ku biya kuɗin da ya haɗa da abinci sau uku, ba ku da wani zaɓi. A Naama Bay kuwa karin kumallo da abincin dare sun isa.

Akwai lissafin da nake so ku yi ke da maigida tun a gida: babba ɗaya ne ya iya ruwa, yara uku. Ba zai iya kula da uku a teku lokaci ɗaya ba, komai gwanintarsa. Iyo a tafkin wanka daban, iyo inda ruwa yake ja kuma ba a ganin ƙasa daban. Ko dai ya riƙa shiga da su bi da bi, auta ita kaɗai da shi, ko ku ɗauki ɗan rakiya daga shagon masu nutso na otal ɗin. Wannan ya sa kasancewar irin wannan shago a cikin otal yana cikin abin dubawa, kuma ki tambaya ko yana da lasisin hukumar CDWS mai kula da harkar nutso da wasannin ruwa a Masar. Ɗan rakiyar yana jan zoben ceto da igiya, ke da auta ku riƙe zoben da rigunanku a jiki, ku sa fuska a ruwa kawai, shi yana jan ku a bakin murjanin. Ta haka mata da yawa da ba su taɓa iyo ba suka ga abin da mazansu suke ba da labari. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen kashi 4 cikin 100, don haka yana ɗaga mutum sosai, amma wannan ba dalilin cire riga ba ne. Maigida kuma ya riƙa tambayar mai gadi ta ina ruwa yake ja yau, su fara iyo suna fuskantar jan, su dawo da shi lokacin da suka gaji.

Gilashi da bututu ku saya wa kowane yaro nasa kafin tafiya, na haya sun sha fuskoki kuma da wuya su dace da ƙaramar fuska. Gwajinsa: a ɗora a fuska ba tare da maɗauri ba, a ja numfashi ta hanci, idan ya manne ya yi. Ku je tafkin wanka a nan gida sau biyu ko uku su saba da numfashi ta baki, kada ranar farko a teku ta zama ranar koyo. Irin wanda yake rufe fuska gaba ɗaya yana da ban sha'awa, amma masu arha suna iya tara iskar da aka fitar a ciki, kuma yana da wuyar cirewa ga yaron da ya firgita. Ban ba da shawararsa ga yara ba.

Ki kafa musu doka ɗaya tun a jirgi: ba a taɓa komai, ba a ɗaukar komai, ba a tsayawa a kan komai sai yashi. Murjani dabba ce mai rai, manyan curinsa wajen santimita ɗaya suke ƙaruwa a shekara, taku ɗaya yana karya aikin shekaru. Sannan akwai murjanin wuta mai ƙuna, da bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, da kifin da yake kwanciya kamar dutse mai mugun dafi, da wani katantanwa mai kyan zane da yara suke son tsinta alhali yana harbi. Takalmin ruwa ga kowa. Fitar da murjani ko bawon katantanwa daga ƙasar ma laifi ne, ana kamawa a filin jirgi. Kada kuma a saci burodi daga wurin karin kumallo a kai wa kifi, an hana.

Na san za ki yi tunanin kifin shak ko ba ki tambaya ba. Ya faru: a Sharm a Disambar 2010, a Sahl Hasheesh a Yulin 2022, a Hurghada a Yunin 2023, da yankin Marsa Alam a Disambar 2024, kowanne an rasa rai. A kan miliyoyin da suke shiga ruwan kowace shekara abin kaɗan ne ƙwarai, nutsewa da gajiya da bugun jirgin ruwa sun fi shi zama abin tsoro. Ku tsaya cikin igiyar da aka kewaye wurin iyo da ita, kada a shiga da asuba ko bayan faɗuwar rana, kada a yi nisa cikin zurfi bayan bakin murjani, kuma in an ɗaga jar tuta a bi, ko da wasu baƙi suna ƙetarewa.

Fita da jirgin ruwa yini ɗaya ta isa, a tsakiyar mako bayan yara sun saba, kuma a ranar da iska ta kwanta. Idan an wayi gari teku yana tashi, ku fasa ko da kuɗin ba zai dawo ba. Ke da auta akwai jirgi mai gilashi a ƙasa, ana zaune a bushe ana kallo, yana da amfani a rana ta farko don ta ga abin da ke jiranta ta daina tsoro.

Sauran na hanya ne. Ku nemi biza tun da wuri, ku riƙe katin rigakafin cutar shawara na kowa har auta, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Ku sayi tikitin Alƙahira da na cikin gida a haɗe, don in jirgin farko ya makara kamfanin ya san da ku. Ku kama ɗakin da ake iya sokewa ba asara har sai biza ta fito. Ku yi inshorar lafiya ta tafiya, ku sha ruwan gora kaɗai, ku tafi da garin gishiri da sukari na gudawa, don canjin abinci yana taɓa cikin yara a can. Man kariya daga rana ma a shafa a ƙeya da bayan ƙafafu, baƙar fata tana ƙonewa idan aka kwanta rub-da-ciki a kan ruwa awa guda. Idan kuma maigida ya yi sha'awar gwada nutso da tukunyar iska, ya yi shi a farkon mako ko tsakiya, domin bayan irin wannan nutson ana barin kusan awa 24 kafin a hau jirgin sama. Masu kallo daga saman ruwa wannan ƙa'idar ba ta shafe su ba, yara za su iya shiga har safiyar ranar komawa.